Tambaya: sabo da zafin bazara, a ina yake faruwa cikin jiki?

Ɗalibar Samaru ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina karatun kimiyyar halittu a nan Samaru, kuma akwai abin da ya shige mini duhu a darasin yadda ƙwayar halitta take mayar da martani idan ta shiga matsi. An koya mana cewa zafi kaɗan yana ƙara wa ƙwaya juriya, har ta iya tsallake zafin da a da zai kashe ta, alhali kuwa zafin nan shi ne yake lalata ta idan ya yi yawa. Ta yaya ƙwaya, wadda ba ta da ido balle ƙwaƙwalwa, take gane cewa zafi ya ƙaru? Sannan duk mazaunin Zariya ya san cewa kwanakin farko na bazara, cikin watan Maris, sun fi gallabar mutum a kan na Afrilu, ko da yake ranar Afrilu ba ta gaza ta Maris ba. Shin wannan sabon da muke yi shi ne juriyar da ake faɗa a aji, ko kuwa zuciya ce kawai take dangana?

Malamin Tudun Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Amsar tambayarki ta farko ita ce, a mafi yawan lokaci ƙwaya ba zafin take aunawa ba, ɓarnar da zafin ya yi take gani, kuma idan kika riƙe wannan sauran darasin zai zo miki da sauƙi.

Kusan duk aikin da ake yi cikin ƙwaya furotin ne yake yin sa. Kowane furotin dogon zare ne wanda ba ya amfani sai an naɗe shi a wata siffa ta musamman, kamar yadda ƙyallen rawani ba ya zama rawani sai ya sha naɗi. Abubuwan da suke riƙe da naɗin nan ba su da ƙarfi sosai, saboda haka ƙarin zafi na 'yan digiri kaɗan ya isa ya sassauta shi. Idan ya warware, sassan da aka ɓoye a ciki, waɗanda ba sa jituwa da ruwa, sai su fito fili su manne da na wani furotin, a haka har su dunƙule. Abin da yake faruwa ga farin ƙwai a tafasasshen ruwa ke nan, sai dai shi ya wuce gyara.

Ƙwaya tana da wasu furotin masu rakiya, waɗanda suka fi shahara su ne Hsp70 da Hsp90. Aikinsu shi ne su kama furotin da ya warware, su hana shi mannewa da wani, su ba shi damar sake naɗuwa, kuma Hsp70 yana ƙona ATP, wato sinadarin da yake ɗauke da makamashin ƙwaya, a kowane kamu da saki. A lokacin zaman lafiya, waɗannan masu rakiya suna riƙe da wani furotin mai suna HSF1, suna hana shi motsi. Da zarar warwararrun furotin sun yi yawa, sai masu rakiyar su tafi can inda aiki ya taso, su saki HSF1. Shi kuma sai ya haɗu da 'yan uwansa su zama uku-uku, su hau kan DNA a daidai ƙwayoyin gadon da suke ɗauke da umarnin ƙera masu rakiya, cikin mintoci a fara ƙera sababbi. Idan sababbin sun wadata, aiki ya ragu, sai rarar ta koma ta sake riƙe HSF1, martanin ya lafa da kansa. Babu wani mai lura a ciki. Ƙarancin masu rakiya shi ne saƙon.

Hujjar wannan tana cikin tarihin gano abin. A shekarar 1962, wato shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, wani masani ɗan ƙasar Italiya, Ferruccio Ritossa, ya lura cewa wasu wurare a kuromosom, wato ƙunshin DNA, na tsutsar ƙudan 'ya'yan itace sun kumbura bayan an ƙara zafin na'urar da ake renon su a ciki, kuma kumburin alama ce ta cewa an buɗe ƙwayoyin gadon wurin ana karanta su. Ya kuma ga cewa wani sinadari mai guba yana haifar da irin wannan kumburi ba tare da zafi ba. Sai a 1974 Alfred Tissières da abokan aikinsa suka nuna ainihin furotin ɗin da ake ƙerawa. Daga baya aka tabbatar cewa barasa da ƙarafa masu guba irin su kadmiyam suna tayar da wannan martani, domin dukkansu suna ɓata naɗin furotin. Tsarin ya tsufa ƙwarai, har kusan rabin jerin tubalan da aka gina Hsp70 na mutum da su ya yi daidai da na takwaransa a cikin bakteriya.

To, juriyar da aka faɗa muku daga nan take. Zafi na farko, mai sauƙi, yana barin ƙwaya da tarin masu rakiya, ta yadda idan zafi mai tsanani ya biyo baya zai tarar da su a shirye. Amma wannan shiri na ɗan lokaci ne, kuma ba kyauta ba ne, domin ƙwaya tana rage ƙera sauran furotin, girmanta da rabuwarta su ja baya. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, ko ta daɗe, sai wata hanya dabam ta buɗe: mitokondiriya, wato sashen ƙwaya mai samar da makamashi, ta saki sinadarin da yake tayar da wasu inzayim, wato furotin masu aiki, waɗanda suke yanka, ƙwaya ta rushe kanta cikin tsari don kada ta cutar da maƙwabtanta.

Ban da haka, akwai furotin masu jin zafi kai tsaye, amma a jijiyoyin fata suke. David Julius ya gano TRPV1 a 1997, wata ƙofa ce a bangon ƙwayar jijiya da take buɗewa idan zafi ya kai kimanin digiri 43, kuma sinadarin da yake cikin barkono da attaruhu yana buɗe ta ko da babu zafi, shi ya sa yaji yake sa gumi. An ba Julius kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian.

Uwar Biyu ta Sabon Gari ta amsa:

Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya gamsar, sai dai ina tsoron kada ƙanwata ta ɗauka cewa Hsp70 shi kaɗai ne amsar tambayarta ta biyu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da muke gani a jikin mutum gaba ɗaya ya fi abin da ake gani a faranti cikin ɗakin gwaji faɗi.

Sabo da bazara gaskiya ne, ba dangana ba ce, amma mafi yawansa aikin jini da ƙoda da gumi ne. A kwanakin farko ruwan jini yana ƙaruwa, don haka zuciya tana iya tura jini zuwa fata domin fitar da zafi ba tare da ta yi ta bugu da sauri ba. Bayan haka gumi yakan fara fita da wuri kuma ya yawaita, sannan aldostiron, wani sinadarin saƙo da yake yawo cikin jini, yana sa ƙoda da hanyoyin gumi su riƙe gishiri. Wannan yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, kuma yana gushewa cikin 'yan makonni idan mutum ya daina shiga zafin. Ƙaruwar furotin masu rakiya tana tafiya tare da shi, amma sauƙin da kike ji a Afrilu ya fi dogara da waɗancan. Ki lura kuma, wanda ya saba ya fi zubar da gumi, saboda haka buƙatarsa ta ruwa ƙaruwa take yi, ba raguwa ba. Wannan ne wurin da mutane suke yawan yaudarar kansu.

Akwai kuma ƙwayar da bayanin Malam bai shafe ta ba, kuma ita ce ta fi damun mu a nan Arewa. Jar ƙwayar jini idan ta balaga ba ta da cibiya, wato ma'ajiyar gado ta ƙwaya, ba ta da DNA, don haka ba ta da ikon ƙera sabon furotin komai tsananin matsin da ta shiga. Abin da ta fito da shi daga ɓargo shi ne guzurinta na kimanin kwana 120. Mai sikila, haemogulobin ɗinsa, wato furotin ɗin da yake ɗaukar oksijin cikin jar ƙwaya, ya bambanta da na sauran mutane a wuri guda tak, matsayi na 6 a zarensa da ake kira beta, amma wannan ya isa ya sa shi harhaɗuwa zuwa dogayen sanduna idan iskar oksijin ta yi ƙasa. Rashin ruwa yana ƙara masa kauri cikin ƙwaya, harhaɗuwar ta yi sauri, ciwo ya tashi. Haka nan masu ƙarancin inzayim ɗin G6PD, waɗanda yawancinsu maza ne saboda abin yana kan kuromosom X: jar ƙwayarsu ba ta da isasshiyar kariya daga sinadarai masu ƙona ta, shi ya sa ƙwallon kafur da ake sakawa cikin kayan jarirai, ko wasu magunguna irin su firimakwin, suke iya farfasa ta har shawara ta bayyana. Irin waɗannan mutane ba a ce musu su jure don su saba.

Malamin Gona na Galma ya amsa:

Hajiya ta yi magana a kan mutum, bari in yi a kan shuka, wadda ba ta da ƙafar gudu zuwa inuwa. Tsarin da Malam ya bayyana yana nan daram a cikin dawa da gero da wake, har ma tsirrai sun fi dabbobi yawan nau'o'in HSF, wato dangin HSF1. Amma a gona zafi ba ya zuwa shi kaɗai, da ƙishi yake tafe, kuma a nan shuka take shiga tsaka mai wuya. Idan ƙasa ta bushe, wani sinadarin saƙo na shuka mai suna ABA yana ƙaruwa, ya isa ga ƙwayoyi biyu da suke gadin kowace ƙaramar kafa ta ganye, ya sa su fitar da fotasiyam da wasu gishirai. Ruwa ya bi bayansu, ƙwayoyin su saki jiki, kafar ta rufe. Sai a 2009 aka gano furotin ɗin da suke karɓar wannan saƙo na ABA, duk da cewa an san sinadarin tun shekarun 1960. Rufe kafar yana adana ruwa, amma ta wannan kafar ce iskar kabon take shiga don haɗa abinci, kuma tururin da yake fita ta nan shi ne yake sanyaya ganye. Ke nan maganin ƙishi yana ƙara zafi, yana kuma kawo yunwa.

Manomi ya san sakamakon ko da bai san sunayen ba. Ƙurar fure ita ce mafi rauni a gaban zafi, shi ya sa tumatir yake zubar da fure idan bazara ta kankama, shi ya sa kuma ake gaggauta shuka alkama da shigowar hunturu don ta cika ido kafin Maris. A ganina, duk wanda yake aikin zaɓen iri, irin wanda ake yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ba irin da ya fi rufe kafa zai nema ba, domin wannan zai rayu amma ba zai cika rumbu ba. Wanda ya san lokacin rufewa da lokacin sake buɗewa shi ne abin nema.

Wani abu kuma da makiyaya suka daɗe da sani shi ne, ƙaramar dawa da gyauronta, musamman wanda fari ya buga, suna iya kashe saniya. Dalili shi ne ganyen yana ɗauke da sinadarin durin, wanda yake taruwa a lokacin fari, kuma idan dabba ta tauna shi sai ya saki gubar sayanayid.

Ɗalibar Samaru ta sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Saura abu guda, Malam. Tunda zazzaɓi ma ƙarin zafin jiki ne, shin shi ma yana tayar da HSF1? Idan haka ne, mene ne bambancinsa da bugun rana, wanda Yaya mai aikin jinya ta fi mu sanin haɗarinsa?

Malamin Tudun Wada ya sake amsawa:

Yana tayar da shi, ɗiyata, amma asalinsu ba ɗaya ba ne. A zazzaɓi, ƙwayoyin garkuwar jiki ne suke aika saƙo, a samar da sinadarin furostagilandin, shi kuma ya sa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamos ya ɗaga ma'aunin da yake so jiki ya tsaya a kai. Jiki da kansa yake hawa zuwa wannan sabon matsayi, shi ya sa mai zazzaɓi yake rawar ɗari yana neman bargo, kuma ragamar tana hannun ƙwaƙwalwa. Farasitamol yana aiki ne ta hanyar rage wancan sinadari, sai ma'aunin ya sauko.

A bugun rana ma'aunin bai motsa ba. Ƙwaƙwalwa tana so a sauka, amma zafin da yake shigowa ko wanda tsoka take samarwa ya fi wanda gumi zai iya fitarwa, har zafin cikin jiki ya haura digiri 40, mutum ya rikice ko ya suma. A wannan hali furotin suna warwarewa fiye da yadda masu rakiya za su iya kamawa, bangon hanji yana yoyo, gubar bakteriya tana shiga jini, hanta da ƙoda suna taɓuwa. Farasitamol ba shi da abin da zai gyara a nan, yana ma iya ƙara wa hanta nauyi. Abin yi shi ne a kai mutumin inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa shi da ruwan sanyi ana yi masa fifita tun kafin a samu abin hawa zuwa asibiti, kuma kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.