Shawa tana shokin mutane a gidana, ta ina za a fara dubawa?

Baban Yara, Tunfure:
Assalamu alaikum. Da shigowar hunturun nan na sa hitar bango a banɗaki, irin mai ɗumama ruwa nan take. Yanzu da an taɓa kan famfo da jiƙaƙƙen hannu sai a ji zirr a yatsu. Uwargida tuni ta koma dafa ruwa a gas. Abin da ya ɗaure min kai, bureka ba ta taɓa faɗuwa ba. Yaron da ya haɗa min ya ɗora tasta, ba ta kama ba, ya ce wai sanyi ne kawai.

Ɗan Pantami:
Mu ma haka tamu take, silifas na roba muke sawa mu yi wankanmu.

Mai gyaran wuta, Bolari:
Wa alaikumussalam. Ɗan Pantami, don Allah ku daina. Ruwa na zuba daga kai har ƙasa, silifas me zai tare?

Alhaji, a kashe hitar nan yau, kada kowa ya ƙara gwadawa da hannu. Bureka mai amp 32 waya take karewa daga ƙonewa, ba mutum ba. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amp ɗaya ba tana iya tsayar da zuciya, bureka kuwa ko a jikinta. Tasta ma ba shaida ba ce, mai tsaye a busasshen wuri da takalmi ba lallai ta kama masa ba.

Ka samo mai gyara da ke da mitar auna ƙarfin wuta. Ya auna tsakanin ƙarfen famfon da sandar da aka kafa a ƙasa, hita a kunne, sannan a kashe. In wutar ta ɓace, laifin na hita ne: a cire wayoyinta a gwada eliman, wato ƙarfen da ke ɗumama ruwan, da mega, na'urar gwada yoyon wuta, a bolt 500, in bai kai megohm 1 ba ya tsage. Ruwan burtsatse mai barin farin ƙasa-ƙasa a butar shayi haka yake cin eliman. A kuma buɗe murfin a duba wayar kore da rawaya, wadda ke kai wutar da ta yi yoyo zuwa sandar ƙasa, sau da yawa a naɗe nake samunta, ba a ɗaura ta a ko'ina ba.

In kuma an kashe hita wutar tana nan, a bi sauran burekoki ɗaya bayan ɗaya. Sumo, injin jawo ruwan burtsatse, na yawan yin haka, musamman inda bututun ƙarfe ne.

Hajiya Mai Atamfa:
A namu gidan sandar ƙasan ce ta yi tsatsa, waya ta rabu da ita. Ga rani, ƙasa ta bushe ƙayau. Sabuwa aka kafa, aka zuba gawayi.

Mai gyaran wuta, Bolari:
Haka ne Hajiya, amma sanda kaɗai ba ta isa ba. A sa RCD mai miliamp 30, wato na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara yoyo, a riƙa danna maɓallin gwajin da ke jikinta. In an danna ba ta faɗi ba, a canza ta.

Baban Yara:
Na gode Malam. Mun buɗe, wayoyi biyu ne kawai suka shiga hitar, babu ta ukun. Dole sai an fasa tayil, ko za a iya jawo ta ta silin?