Matasanmu na ji kamar Allah ya juya musu baya in sun gaza a ibada, me za a yi?

Malamin matasa: Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, iyayena da 'yan'uwa. A nan Sakkwato akwai matasa masu himma ƙwarai, suna cikin mawaƙa, suna ƙungiyar bishara ta Sabon Rai, ba sa fashin addu'ar dare. Amma da zarar ɗayansu ya faɗi cikin zunubi ko azuminsa ya karye, sai ya daina zuwa sujada, ya ce bai cancanta ba. Ta ina za a fara gyara?

Dattijon ikkilisiya: Ɗana, fara da jerin abubuwa yadda Littafi Mai Tsarki ya jera su. A Matiyu 3:17, wurin baftisma, Uba ya kira Yesu ƙaunataccen Ɗansa tun bai yi mu'ujiza ko ɗaya ba. Sai a sura ta 4 Iblis ya zo yana cewa in shi Ɗan Allah ne ya mai da duwatsu gurasa, wato ya tabbatar da matsayinsa da aiki. Wannan jarrabar ce ke cin yaranka. Suna zaune a gidan Uba kamar 'yan ƙwadago da ake sallama da yamma gwargwadon aikin yini, alhali Galatiyawa 4:7 ta ce mai bi ɗa ne, magaji kuma.

Ka ba su Romawa 8, ayoyi 39 ne, biyar ko shida kowace safiya har mako ya cika. Kowa ya raba takarda biyu, gefe ɗaya abin da Allah ya yi, ɗaya gefen abin da aka ce mutum ya yi. Kada ka faɗa musu amsa, su gani da idonsu gefen da ya cika.

Uwar Zumuntar Mata: Baba ya yi gaskiya, sai dai laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Mu manya ne ke koya musu. Ana karanta sunayen masu baiko da adadin kuɗinsu a gaban jama'a, ana tafa wa mai dubu hamsin, mai ɗari biyar ya sunkuyar da kai. Yaro bai san ana kula da shi ba sai ranar da ya yi fashin koyon waƙa. A ziyarce shi ranar da ba a neman komai a wurinsa.

Batun azumi kuma ya fi damuna. A watan Afrilu zafin garin nan yakan wuce digiri 40, amma za ka ga mai gyambon ciki ko mai ciwon suga ya ƙi ko da ruwa har ƙarfe shida, don yana ganin da haka zai biya laifinsa. Azumi ba diyya ba ne. Wanda ya faɗi ya furta zunubinsa a ranar, bisa 1 Yahaya 1:9, ya nemi gafarar wanda ya cuta, ya mayar da abin da ya ɗauka, Lahadi kuma ya zo sujada. Jiran sai ya ji ya tsarkaka shi ke sa mako ɗaya ya zama wata shida.

Ɗan mawaƙa: Mama, ba za su yi sakaci ba kuwa? Yakubu 2:17 ta ce bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce.

Dattijon ikkilisiya: Tambayarka a kan hanya take, Bulus ma ya amsa ta a Romawa 6:1-2. Karanta Afisawa 2:8-10 a haɗe, kada ka tsaya a aya ta 9. Ceto kyauta ne, aya ta 10 kuma ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Aikin yana nan, sai dai yana bin ceto a baya.

Malam, ga yadda za ka gane inda yaro yake. Duba shi ranar da aka ba wani jagorancin waƙa, ko aka yi masa gyara a gaban mutane. In ya yi fushi ya janye, a kan muƙamin ya jingina, kamar babban ɗan nan na misalin ɓataccen ɗa a Luka 15:29, mai lissafa wa ubansa shekarun bautarsa. Irin wannan ka rage masa ƙungiya zuwa ɗaya na wata uku, ka bayyana masa sarai cewa ba horo ba ne, ka kuma haɗa shi da babba ɗaya da za su riƙa addu'a tare sau ɗaya a mako.