Kashi na uku na shirin tafiya duniyar Mars: ina aka dace, ina aka kwafsa?

Baban Khadija, Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum. Waɗanda suka kalli kashi na uku na shirin nan da samarinmu na Katsina suka ɗauka, inda aka baro injiniya shi kaɗai a duniyar Mars, a zo a baje shi a faifai. Masu sana'ar, ku muke saurare.

Sani mai kyamara: Wa alaikumus salam, Baba. Wuri dai sun iya zaɓe. Jar ƙasa da duwatsun wajen Dutsin-Ma, ga hazon hunturu ya rufe sama, rabin aikin kyauta suka same shi. Hazo yana kashe kaifin rana, sai baƙar fata ta fito sumul ba tare da goshi ya yi ƙyalli ba. A cikin kumbo aka kwafsa, inda layi-layi ke bin bango. Wutar Najeriya sau 50 take juyawa a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. In ka bar kyamara a hoto 30 a daƙiƙa, fitilu masu araha sai sun yi ta ƙyaftawa. A sa ta a 25, shata (tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido ga kowane hoto) a 1/50 na daƙiƙa. In janareta ne, gudunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, gara fitila mai batir. Af, akwai kuma bishiyar bedi can bayan jarumin.

Malama Hajara, mai koyar da kimiyya: Malam Sani, bedin ma da sauƙi. Ni wayar da ya yi da mahaifiyarsa ce ta tsaya mini a rai. Saƙon rediyo tsakaninmu da Mars yana cin minti 3 zuwa 22 a tafiya ɗaya, gwargwadon nisan da ke tsakani a lokacin. Amma yana cewa "Inna, kina ji na?" tana amsawa, kamar daga Rimi ya kira. Da sun bi gaskiyar, da labarin ya fi taɓa zuciya: ya aiko da saƙo iskarsa na ƙarewa, uwa ta amsa ba ta san ko yana raye ba, mai kallo kuma ya zauna cikin wannan jiran tare da ita. Nan kukan yake, suka tsallake shi. Nauyi ma haka: kashi 38 cikin 100 ne na namu, mai kilo 70 zai ji kansa kamar 27, amma jarumin na takawa kamar mai dakon buhun gero. Na yaba musu da faɗuwar rana da suka mayar shuɗiya. Haka Curiosity, na'urar bincike da ke yawo a doron Mars, ta ɗauko ta a 2015.

Sani mai kyamara: Maganin takun, Malama, a ɗauka a hoto 40 a daƙiƙa, a saki a 25. Ƙura da tsalle za su sauko daidai.

Ɗan Daura, mai tace hoto: Koren ƙyallen da ake rataya a bayan ɗan wasa don a musanya shi da wani hoto ya ci amanarsu. Farar riga tana ɗaukar launin abin da ke kusa da ita, shi ya sa kafaɗar jarumin da gilashin hularsa suka yi kore-kore, gefen kunne kuma ya cinye. A goge ƙyallen tukuna, don kowace tattara inuwa ce. Ɗan wasa ya matso gaba aƙalla mita 2. Fitila biyu su haska ƙyallen ta dama da hagu, wata daban ta bugo ɗan wasan ta baya don ta raba shi da bango. DaVinci Resolve, manhajar tace hoto, tana rage koren, amma in da waya aka ɗauka, gefen gashi yana da wuyar gyaruwa.

Baban Khadija: To guguwar da ta yi jifa da shi fa? Ni ita ta fi burge ni.

Malama Hajara: A yi haƙuri Baba, matsin iskar can bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Tana tayar da ƙura ta rufe rana makonni, amma ba ta kayar da ƙato. Haɗarinta shi ne ta rufe faifan sola, batir ya mutu.

Ɗan Daura: Ni dai a bar wa Baba guguwarsa. Amma kukan zakaran da makirfon ya kamo a ƙarshenta, wannan a cire.