Waɗanda suka taɓa zuwa Malaka da jakar goyo, ku ba mu labari

Bashir: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba mu hutun zango, aljihu kuma babu nauyi. Ina so in goya jakata daga Kuala Lumpur in yi kwana biyu a Malaka, tsohon birnin bakin teku na ƙasar Malesiya. Wanda ya je, yaya ya same ta?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ka je TBS, babbar tashar bas a Kuala Lumpur, ka hau bas, kamar awa biyu ce in hanya ba cunkoso. Ni ranar Talata na je, kuma kai ma ina ba ka shawarar tsakiyar mako. Bayan asuba na bi bakin kogi da ƙafa, gari shiru, sai masu shara da wani ƙaton guza yana iyo a gindin gada. Daga nan na shiga titin da ya fi tsaya mini a rai: masallacin Kampung Kling, wanda 'yan kasuwa Musulmi daga Indiya suka gina a 1748, da wurin bautar Hindu, da na Sinawa, duk a layi ɗaya. Hasumiyar masallacin irin ginin Sinawa ce, hawa-hawa, har sai da na tambaya kafin na yarda masallaci ne. Na yi alwala a tafkin da ke farfajiya, wani tsoho ya ce daga ina, na ce Najeriya, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Maman Hanif: Malam Sani, ni kam ba na tare da kai a kan tsakiyar mako. Kasuwar dare ta titin Jonker Juma'a zuwa Lahadi kawai take ci, kuma wanda bai gan ta ba ya rage abu. Sai dai ƙanena Bashir, ka buɗe ido wajen abinci. Yawancin shagunan layin na Sinawa ne, ba duka ne halal ba, ka nemi tambari ko ka tambaya, ba kunya. Abin da na yi ta maimaitawa shi ne cendol: gogaggiyar ƙanƙara da madarar kwakwa da wani baƙin sukari mai ɗanɗanon mazarƙwaila.

Ɗan Maradi: Nawa labarin na masauki ne. Na kama gado a ɗakin haɗaka don arha, ashe taga tana kallon titi. Kekunan nan masu ƙafa uku da ake yi wa ado da fitilu da 'yan tsana, kowanne da lasifikarsa, ba su bar ni na runtsa ba sai tsakar dare. Ka nemi ɗaki na ciki, ka kuma tafi da ɗan kwaɗo don kulle akwatin ajiya.

Malam Sani: Gaskiya ne, Hajiya, kasuwar tana da nata daɗin. Amma Bashir, kada ka tsaya ɗaukar hoto gaban jajayen gine-ginen da Turawan Holan suka bari ka juyo. Ka hau tudun da ke bayansu. A da, nan masarautar Musulunci ce da jiragen Larabawa da na Indiya da na Sin ke sauke kaya, har Turawan Fotugal suka ci ta a 1511, 'yan Holan suka ƙwace a 1641, daga baya Ingila ta karɓa. Daga ganuwar da Fotugal suka gina ƙofa ɗaya ta rage. Da na tsaya a can ina hangen teku, sai Kano ta faɗo mini, ita ma kasuwa ce ta yi ta.

Bashir: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan tafi Alhamis in kwana biyu, in samu shirun Malam in samu kasuwar Yaya. Sallar Juma'a fa, a ina?

Maman Hanif: Maigidana a Kampung Hulu ya yi, da ƙafa ma za ka je daga bakin kogi. Ka fita da wuri, yana cika.