Iskar da ake shaƙa wa yaro a tiyata, tana zama a kansa ne?

Maman Hanif: Salamu alaikum. Don Allah ma'aikatan lafiya ku taimaka min, yarona ɗan shekara 4 za a yi masa aikin gwaiwa, likita ya ce iska za su sa masa ya shaƙa ya yi barci, to kakarsa ta tayar min da hankali wai iskar zama take a ƙwaƙwalwa ba ta fita, wallahi ko barci na kasa.

Abu Safiyya: Wa alaikumus salam Maman Hanif, Allah ya ba shi lafiya. Ɗakin tiyata nake aiki. Ta inda ta shiga ta nan take fita, wato huhu. In ya shaƙa sai ta ratsa huhu ta shiga jini, ƙwaƙwalwa kuma ita da zuciya da hanta da ƙoda su ke kwashe kusan kashi 75 na jinin da zuciya ke bugowa, shi ya sa can take fara isa. Da an rufe injin sai tafiyar ta juya, daga ƙwaƙwalwa zuwa jini zuwa huhu, ya fitar da ita da numfashinsa. Sebofuluren, wato iskar da aka fi shaƙa wa yara, abin da hanta ke sarrafawa daga cikinta bai wuce kashi 5 ba.

Malam Bashir: To amma likita me ya sa wani ke daɗewa bai farfaɗo ba?

Abu Safiyya: Malam ya danganta da irin iskar. Wadda jini ke shanyewa sosai kamar halotan, jinin ne ke riƙe ta, kamar ruwan da ka saki a busasshiyar hanyar rairayi, sai rairayin ya ƙoshi tukuna ruwa ya kai ga shuka, don haka tana jinkirin kamawa tana jinkirin saki. Ga kuma kitse, a hankali yake tsotsa amma in aiki ya ɗau awanni sai ya tara ya riƙa sako ta kaɗan kaɗan, shi ya sa mai ƙiba da aka daɗe ana masa aiki kan makara. Aikin gwaiwa gajere ne.

Anti Nas: Yar uwa ki dai kiyaye maganar hana shi abinci kafin aikin, kar tausayi ya sa ki ba shi ko kunu a ɓoye, in ya yi amai yana barci zai iya shiga huhu. In yana mura ko tari ki faɗa musu. Kuma in ya farka da kuka da fisge-fisge kar ki tsorata, yara kan yi haka, yana wucewa.

Maman Hanif: Na gode Allah ya saka da alheri, yana ɗan tari kuwa, gobe zan sanar da su.