Wace kalma za mu sa wa "play-based learning"?

Malamai 'yan'uwa, ku kawo ɗauki. Ajin reno nake koyarwa a nan Gombe, kuma wannan kalma ta Turanci ta hana ni sakat.

A taron iyaye na ce yaranmu suna koyo ta hanyar wasa. Wani uba ya miƙe ya ce, "Malama, kuɗin karatu na biya, ba na wasa ba." Ban ga laifinsa ba. A bakinmu in an ce yaro yana wasa da karatu, an gama magana, sakarci ake nufi.

Alhali da safiyar nan na tsaya kan 'yarsa tana carafke a gindin darbejiya. Ta cilla dutse sama, ta kwashi na ƙasa ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, tana ƙirgawa da baki. Da dutsen ya kuɓuce mata sai ta miƙa wa ƙawarta, ta zauna jiran zagayowarta ba kuka. Wannan nake so kalmar ta ɗauko.

Da Froebel, masanin tarbiyyar ƙananan yara, ya raɗa wa makarantarsa suna a Jamus a 1840, Kindergarten ya ce, wato lambun yara. Montessori kuwa, ita ma masaniyar tarbiyyar yara, wadda ta buɗe gidan yaranta a birnin Rum a 1907, "aiki" take kiran abin da yara ke yi da kayan ajinta.

Wata malama daga Azare ta kawo "wasa ƙwaƙwalwa". Ya yi mini daɗi ƙwarai, don wasan nan na wasa wuƙa ne, iyaye ba za su ƙyamace shi ba. Sai dai kacici-kacici ya riga mu kama sunan, kuma ya bar jiki a baya. Ina za mu sa langa da gaɗa?

"Karatu cikin nishaɗi" ban karɓa ba. Kamar zuma ce aka shafa wa magani, malami ne dai ke riƙe da cokali.

Ni dai na tsaya kan "koyo cikin wasa". Da ka ce "cikin", ka nuna koyon yana nan a wasan kansa, kamar mai a cikin gyaɗa. Shi zan gwada a taro mai zuwa, da duwatsun carafke a hannuna. Mutanen Bauchi, in kuna da wadda ta fi ta zama a baki, ku faɗa mini kafin ranar.