Ubuntu ya cika fal, Windows kuma fili fayau: yaya zan rage wa wannan in ƙara wa wancan?

Ɗan_Yelwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da HP EliteBook ɗan Beljiyam, SSD ɗinsa 256 GB, Windows 11 da Ubuntu 24.04 ke ciki. Lokacin da aka sa min Ubuntu 30 GB kawai aka yanka masa, don a lokacin ɗan gwaji nake. Yanzu aikin furojet ya taso, Android Studio da Docker sun cinye wurin, df -h, umarnin da ke nuna wurin da ya rage a diski, yana nuna saura 900 MB. Shi kuwa C: ɗin Windows 207 GB ne, 120 GB a ciki babu komai, ba na shiga sai don Word.

Na buɗe Disk Management na danna Shrink Volume, ya ce 11 GB kaɗai zai iya ragewa. Na koma Ubuntu na buɗe GParted, manhajar yanka diski ta Linux, sai ga alamar mabuɗi a gefen fatishan ɗin Ubuntu, wato yankinsa na diskin, ya ƙi motsi. Daga hagu zuwa dama abin da nake gani: EFI 100 MB, wani ɗan mitsitsi 16 MB, C:, Ubuntu, sai Recovery a ƙarshe. So nake in ba Ubuntu ƙarin 60 GB. Wani abokina a hostal ya ce in goge komai in sake sawa, amma datar da zan sake sauke kayan nan ta fi ƙarfin aljihuna. Don Allah a taimaka.

Mai_Gyara_Wunti

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka goge komai, aikin nan kusan kullum sai an kawo min irinsa shago. Matsala biyu gare ka, kuma ba ruwan ɗaya da ɗaya.

Ta farko, 11 GB ɗin nan. Windows ba ya iya rage C: ya wuce inda wani fayil da ba ya motsuwa ya zauna. Ko da rabin diskin fayau ne, in fayil ɗaya ya je ya kafe can kusa da ƙarshe, to nan ne iyaka. Masu yin haka yawanci su uku ne: hiberfil.sys, pagefile.sys, da ajiyar System Restore. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka rubuta powercfg /h off. Wannan zai kawar da hiberfil.sys, ya kuma kashe Fast Startup, wanda dama ba alheri ba ne ga mai Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, don yana barin C: kamar ba a rufe shi ba. Sai ka shiga Advanced system settings, wajen Virtual memory, ka zaɓi No paging file. Sannan System Protection ka kashe shi, amma ka sani tsofaffin restore point ɗinka za su tafi. Ka sake kunna kwamfutar ka gwada Shrink. In har yanzu ya ƙi, shiga Event Viewer, ƙarƙashin Application, nemi saƙon Defrag mai lamba 259, zai gaya maka sunan fayil ɗin da ya tare hanya. In ka gama ka mayar da pagefile da System Protection yadda suke, musamman in RAM ɗinka 8 GB ne.

Shrink ɗin a MB yake karɓa, 60 GB kenan ka rubuta 61440.

Ta biyu, mabuɗin da ka gani a GParted. Ba a naɗe tabarma ana zaune a kanta. Ubuntu ɗin da ka kunna a kan fatishan ɗin yake gudana, shi ya sa ya ƙi. Ka nemi filashi, ka sa Ubuntu a ciki da Rufus ko Ventoy, ka tayar da kwamfutar daga filashin (F9 ne a HP), ka zaɓi Try Ubuntu, ka buɗe GParted daga can.

To ga inda nake so ka buɗe kunne. Filin da za ka samu zai faɗo ne tsakanin C: da Ubuntu, wato a hagun Ubuntu. Faɗaɗa ext4, wato nau'in fatishan ɗin Ubuntu, zuwa dama abu ne na daƙiƙoƙi, don ƙarshensa kawai ake turawa. Faɗaɗa shi zuwa hagu kuwa dole sai GParted ya kwashe duk 30 GB ɗin ya mayar da shi baya, sannan ya buɗe shi ta dama. A tsakiyar kwasar nan in kwamfutar ta mutu, rabin kayanka na tsohon wuri rabi na sabo, kuma babu wanda zai iya haɗa maka su cikin sauƙi. Laftof ɗan Beljiyam kuma ka san batirinsa. An taɓa kawo min wani da aka ɗauke wuta yana tsaka da aikin, batirin bai riƙe minti biyar ba. Kwana muka yi da PhotoRec muna tsamo fayiloli marasa suna, mai shi yana zaune a benci yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana neman babi na huɗu na furojet ɗinsa. Saboda haka kwafe duk abin da ka damu da shi zuwa wani diski na waje tukuna, ka cika batir, ka bar caja a jiki, in da hali a wurin da ke da sola.

Malama_Fadaman_Mada

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai ya tsallake BitLocker, makullin da Windows ke kulle bayanan diski da shi. Laftof ɗin ofis irin su EliteBook sau da yawa da shi suke zuwa a kunne, kuma Windows 11 na yanzu yakan kunna shi da kansa in ka shiga da asusun Microsoft, mai kwamfuta bai ma sani ba. Kafin ka taɓa komai rubuta manage-bde -status a Command Prompt. In ya nuna a kunne yake, rubuta manage-bde -protectors -get C: ka kwafe lambobin buɗe makullin guda 48 a takarda, ba a cikin kwamfutar ba. Wata rana za ka kunna ka ga shuɗin allo yana neman su, in babu su kuwa C: ya tafi ke nan.

Shi ya sa ma nake cewa C: a cikin Windows ake rage shi. GParted yana iya rage NTFS, amma ba ya iya rage wanda BitLocker ya kulle. Kowa ya yi aikin ɓangarensa: Disk Management ga Windows, GParted ga Linux. EFI da ɗan 16 MB ɗin nan da Recovery kuma kar hannunka ya kai kansu.

sudo_Gombawa

Ni dai da ni ne ba zan matsar da komai ba. Me ya sa za ka ɗauki kasadar kwashe 30 GB alhali akwai hanyar da ba ta taɓa tsohon fatishan ko kaɗan? Ka rage C: kamar yadda aka ce, sai ka mayar da 60 GB ɗin sabon fatishan na ext4, ka ɗora /home, wato jakar fayilolinka, a kansa. Android SDK a /home yake zama, haka ma su Gradle da na'urorin gwajin emulator, su ne masu cin wurin. Ka kwafe da rsync, ka ɗauki UUID, wato lambar shaidar fatishan, da blkid, ka ƙara layi ɗaya a /etc/fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Ubuntu fatishan ɗin da zai ɗora, shi ke nan. Ranar da za ka sake sa Ubuntu ma kayanka na nan ba a taɓa ba.

Kuma tun kafin wannan, ka share datti mana. sudo apt clean, sudo apt autoremove, sudo journalctl --vacuum-size=200M, sai sudo docker system prune. Ka duba snap list --all, za ka ga tsofaffin da aka rubuta wa disabled suna zaune suna cin wuri a banza. Ko numfashi ka samu.

Mai_Gyara_Wunti

Ɗan Gombe, hanyarka mai kyau ce ga wanda hannunsa ya faɗa, ban musa ba. Amma Docker ba a /home yake ajiya ba, a /var/lib/docker ne, snap kuma a /var/lib/snapd. Ka raba masa /home yau, bayan wata biyu 30 GB ɗin ya sake cika ya dawo nan yana tambaya. Sannan kuskuren harafi ɗaya a fstab ya isa ya jefa shi emergency mode, baƙin allo ba linzami. Ga yaron da bai saba ba, na fi yarda da ja da linzami a GParted in dai an yi kwafi kuma wuta na tsaye. A kan SSD ne fa, ba tsohon diski mai juyawa ba da za a wuni ana jira.

Ƙanena, abu biyu da za su ba ka tsoro a banza. GParted zai fito da gargaɗi cewa matsar da fatishan na iya hana kwamfuta tashi. Kwamfutarka UEFI ce, GRUB, wato manhajar da ke tayar da Ubuntu, ta UUID yake neman sa, kuma UUID ba ya canjawa don an matsar ko an faɗaɗa. In ma ya ƙi tashi, filashin nan na hannunka, Boot-Repair zai gyara. Na biyu, kar lambobin su ruɗe ka: za ka iya ganin Ubuntu nvme0n1p5 ne alhali yana gaban p4 a zane, don daga baya aka ƙirƙire shi. Ka bi girma da nau'i, ext4 mai 30 GB, ba lamba ba. Kuma har sai ka danna alamar Apply babu abin da ya faru, kana iya fasawa.

Ɗan_Yelwa

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Malama, ashe BitLocker a kunne yake, lambobin na cikin littafina yanzu. Bayan powercfg da pagefile Shrink ya tashi daga 11 GB zuwa 38 GB, sai da na kashe System Protection sannan ya ba ni fiye da 100 GB. Na yanki 60. Sharar da Yaya na Gombe ya ce ta dawo min da kusan 5 GB, yawanci daga Docker.

Matsarwar a shagon cajin waya na wani maƙwabcinmu mai sola na yi, ina zaune ina kallon sandar GParted na tafiya, duk wanda ya zo karɓar waya sai in kare igiyar cajar da ƙafa. Ta gama lafiya, Ubuntu ya tashi, df -h na nuna 88G. Windows ma ya tashi bai nemi lambobin ba.

Saura abu ɗaya. Duk sanda na fito daga Ubuntu na shiga Windows sai in tarar agogo ya koma baya da awa ɗaya. Dama can yana yi ko aikin nan ne ya jawo?

sudo_Gombawa

Dama can yana yi, ba ka lura ba ne. Ubuntu yana ajiye agogon cikin kwamfuta a kan UTC, Windows kuma yana ɗaukar sa a matsayin lokacin gida, mu kuwa awa ɗaya muke gaban UTC. A Ubuntu rubuta timedatectl set-local-rtc 1, zai ɗan yi maka gargaɗi, ka ƙyale shi tunda ba ma canja agogo da rani ko damina a nan. Sai ka shiga Windows ka gyara lokacin sau ɗaya.